Bikon Suwaiba a Ribas

A layinmu na Tudun Wada a Gusau babu wanda ya taɓa jin Mannir mai kaset ya ce bai san abu ba. Ka tambaye shi maganin basir, ya sani. Ka tambaye shi abin da ke riƙe jirgin sama a iska, sai ya ajiye kofin shayi ya zana maka a ƙasa. Ya taɓa yin karen mota na ɗan lokaci kafin direban ya sauke shi saboda surutu, tun daga nan ya naɗa wa kansa sunan Injiniya. Duk wanda ya kira shi Mannir gatsau, to kaset ɗin da ya zo nema ya ƙare.

Ba a daɗe da ba mu jiha ba gari ya cika da 'yan kwangila, sai wani a cikinsu ya watsar da wata jar mota a gindin darbejiya. Ƙofa biyu ce, kujera biyu, gajeriya har sai ka durƙusa za ka shiga, irin wadda ake tsere da ita a finafinan da Mannir ke bayarwa haya. Mannir ya sayar da babur ɗinsa ya saye ta, aka turo ta layinmu yana ciki yana ɗaga wa mutane hannu.

Injinta lafiya lau. Abin da ya mutu shi ne aksil na baya, wato tukunyar ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya, mai faifai babba da ƙarami masu haƙora, waɗanda ke karɓar juyin inji su miƙa wa taya. Haƙoran sun kakkarye. Muka ce ya kai gareji, ya ce kanikawan Gusau ba su san komai ba sai bas da akori-kura. Kafin ma ya taɓa inda ke ciwo, sai da ya fara saka mata 'yar na'urar nan da ake yayi, mai tashin kiɗa da zarar an sa ribas. Daga nan ya tafi wurin 'yan gwangwan ya dawo da faifai iri uku a baro, ya zube su gaban teburin Haruna mai shayi, ya fara karatu.

"Sirrin gudu ga haƙora yake," in ji shi. "Wanga na akori-kura ne, wadda ka ɗauko hatsi daga Mada. Ku dibi yawan haƙora nai. Mota mai haƙora ita ka cin hanya."

Haruna bai ko ɗago daga shayin da yake sheƙawa ba, ya ce, "Kakata ba ta da haƙori ko guda, amma in za ta gidan suna ba ka cim mata."

Mannir ya ce ba ya gardama da wanda iliminsa bai wuce madara da suga ba.

To, faifan nan sai an wanke su, kuma a nan ya tafka ta'asar. Matarsa Suwaiba ta je barka, ta dawo ta tarar da kwanonin jerenta a tsakar gida. Kwanoni ne da mahaifiyarta Inna Kulu ta yi ta tara mata tun tana 'yar mitsitsiya, ko ruwa ba a taɓa zubawa a cikinsu ba. Babbar kwallar tana cike da kananzir da baƙin mai, faifai na jiƙe a ciki, ƙananan samirun kuma an raba musu notuna. Ta tambaye shi mene ne wannan. Maimakon ya ba da haƙuri, sai ya shiga yi mata bayanin cewa kwano mai santsi ne kaɗai ba ya ji wa haƙori ciwo. Ta saurare shi har ya gama, ta ɗauki gyalenta, ta yi yaji zuwa gidansu a Karakkai, can ƙasar Bungudu.

Abin ya taɓa shi ƙwarai, don Mannir da duk surutunsa yana son matarsa. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, in ya shiga gida sai ka ji shiru kamar babu kowa. Ya aika wa surukinsa Malam Dogo, aka ce ya zo biko ranar Asabar ta sama, kuma ya zo da dattijo. Baffanninsa kowa ya ce yana da uzuri. Wanda ya yarda shi ne Baba Bitrus, maƙwabcinsa katanga ɗaya, mutumin Kafancan, ma'aikaci a sakatariya kuma dattijo a cocinsu. Shi ma matarsa Mama Lidiya ce ta tsaya masa a kai, don ta ɗauki Suwaiba kamar 'yar cikinta.

Baba Bitrus ya ba shi shawara su hau motar haya su je su durƙusa, a gama. Mannir ya ce ina, ai Suwaiba ba ta san darajar abin da aka jiƙa a kwanonin ba ne. Ranar da ta zauna a kujerar nan ta ga allurar gudu ta kwanta, da kanta za ta miƙo masa sauran kwanonin. Ya rantse a gaban majalisarmu ta teburin mai shayi cewa a jar mota zai dawo da matarsa, kuma kafin mai motar haya ya gama lodi sun iso gida.

Ya ɗaura faifan akori-kura, da taimakon mai walda da guduma, ya ja Haruna gwaji zuwa Tsafe da hantsi. Da sakin kuloci mota ta zabura har hular Haruna ta faɗa baya. Inji ya ɗauki kururuwa, allura ta haye ɗari, ta wuce ɗari da hamsin, ta doshi ƙarshen agogo. Mannir na ihu yana cewa Haruna ya riƙe kujera ya yi salati. Haruna ya yi salati, ya leƙa taga, sai ya ga karan dawa na wucewa a natse, har kana iya gane gonar da aka yi wa taki. Can sai ga wani mai babur ɗauke da matarsa da rago, ya zo daidai su, ya yi musu sannu da hanya, ya wuce. Bayansa gingimari shaƙe da auduga, ita ma ta wuce, karen motar na zaune a sama yana ɓare gyaɗa.

Mannir ya girgiza kai ya ce direbobin yanzu ba sa tsoron Allah, dubi mutum da lodi yana gudun da ya fi ɗari biyu.

Abin da ke faruwa kowa ya gane shi in ban da mai motar. Faifan akori-kura na jan kaya ne, ƙarfi gare shi ba gudu ba, ita kuwa allura juyin da ke fitowa daga inji take ƙirgawa, ba ta san abin da taya ke yi a ƙasa ba. Suka isa Tsafe rana ta take, lagireto na tururi kamar tukunyar dambu. Mannir ya duba agogon hannunsa, ya duba allura, ya yanke hukunci cewa tun da aka ba mu jiha 'yan kwangila sun ƙara wa hanyar tsawo.

Haruna ya ce, "To mai babur da rago hwa, tsohuwar hanya yab bi?"

Kafin su dawo labari ya riga su. Mannir ya sanar da majalisa cewa dama gwaji ne, ya so ya ga wanda ke da basira a cikinmu, kuma bai samu ba. Wai ainihin sirrin shi ne ƙarancin haƙora. Ya kwance na akori-kura ya ɗaura na wata doguwar mota mai shan gas. Wannan karon Haruna ya ce yana da iyali.

Mannir ya shiga shi kaɗai, ya tayar, ya saki kuloci. Mota ta yi tari ta mutu. Ya sake, ta sake. Sai da duk layi ya fito turi, har da matan zumunta na cocin su Mama Lidiya da suka taso daga koyon waƙa cikin zannuwansu iri ɗaya. Suka tura shi har bakin kwalta, ta kama da ƙyar, ta lallaɓa, sannan ta miƙe. Yanzu kuma inji ya yi luf, allura ta lafe a kan arba'in, alhali motar keta iska take yi. Mannir ya ga arba'in, ransa ya ɓaci, ya ƙara danna totur yana zaginta da ragwanci. Masu talla a bakin hanya suka watse, kaji suka haye katanga, wani mai keke ya sauka ya shiga gona da kekensa a kafaɗa.

Allah ya taimake shi, kafin Kwatarkwashi ya hango garken shanu na tsallaka hanya tun daga nesa. Ya taka birki da ƙafa biyu, ya tsaya daidai gindin wani hawa. Shanu suka wuce, amma mota ta ce ba ita ba hawan nan. Ya yi ta murza kuloci har wurin ya ɗauki ƙauri kamar ana babbakar kan rago. Daga ƙarshe wani manomi mai amalanken shanu ya ji tausayinsa, ya ɗaura mata igiya. Suka shigo Gusau bayan la'asar, lokacin da kowa ke ƙofar gida, bijimai biyu a gaba, jar mota a baya, Injiniya ya fito da gwiwar hannu ta taga yana gaya wa mutane cewa a wannan wahalar man fetur mai hankali ne kaɗai ya san dabara.

Haruna ya fito har tsakiyar hanya da butar shayi a hannu, ya ce, "Injiniya, ka ƙirga haƙoran bijiman ga kuwa? Ina ga su ad daidai da motar."

Saura faifai na uku, mai matsakaicin haƙora, wanda tun farko Mannir ya raina ya ce na malaman makaranta ne. Gyaran kuloci ya cinye masa kwanaki, bai samu ɗaura shi ba sai safiyar Asabar ɗin bikon. Cikin sauri da rawar jiki ya ɗaura babban faifan a ɗaya gefen, ba inda ya kamata ba. Ya rufe, ya ɗaure, ya wanke hannu, ya sa fararen kaya. Ya tayar a lungun gidansa inda babu mai gani, ya sa giya ta ɗaya, sai mota ta ja da baya ta sumbaci katanga. Ya sa ta biyu, baya. Zufa ta karyo masa. Ya sa ribas, sai kiɗa ya tashi, mota ta fara rarrafawa gaba.

Babu lokacin kwancewa, don ga Baba Bitrus a bakin lungu cikin rigarsa ta zuwa coci, rungume da buhun kwanonin da Mama Lidiya ta yi kwanaki tana dirza da toka da sabulu. Wani zai faɗi gaskiya a nan a nemi motar haya. Mannir ya buɗe ƙofa ya ce bisimilla.

Baba Bitrus mutum ne mai jiki, sai da aka dudduƙa shi aka cusa, gwiwoyinsa a haɓa, buhu a ƙirji. Suka ɗauki hanyar Bungudu a ribas, giya na kuka, na'ura na kiɗa. Da suka fita gari Baba Bitrus ya kasa haƙuri.

"Mannir, wannan kiɗa ba na komawa baya ba ne?"

"Na musanya shi, Baba. Yanzu na biko ne."

"To gudun da ka yi ta faɗi fa?"

"Wa ka zuwa gidan surukai da gudu? Sai a ce ban da kunya."

Baba Bitrus ya ce wannan ita ce magana mai hankali ta farko da ya taɓa ji daga bakinsa. Masu keke suka riƙa wuce su suna waiwaye. Wata mai fura ta jera da su, ta dama musu, ta miƙa ta taga, suka sha, ta karɓi ƙwaryarta, duk ba a tsaya ba. A Bungudu yara suka biyo su suna rawa, suka raka su har bayan gari. Kafin su kai Karakkai na'urar ta gaji, kiɗan ya koma kamar kukan ɗan akuya mai mura, amma bai daina ba.

A zauren Malam Dogo, Baba Bitrus ya kafa wa Mannir sharaɗi ɗaya, kada ya buɗe baki. Ya zauna a ƙasa ya sunkuyar da kai, dattijo ya yi magana. Ya gaida mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi amfanin gona, ya yaba tarbiyyar Suwaiba, ya ce shekarun da suka yi katanga ɗaya bai taɓa jin muryarta ta haura ba. Sannan ya zo kan mai laifi.

"Malam, yaron nan bakinsa ne ya yi masa yawa, amma ba mugu ba ne. Tun da yarinyar ta tafi, tuwon da matata ke aika masa ma ba ya cinyewa. Ni Kirista ne, ku Musulmi, amma na san a wurinmu duka ba a mayar da wanda ya zo ya durƙusa."

Malam Dogo ya ce maganar babba ba ta faɗi ƙasa a gidansa. Inna Kulu ta buɗe buhu daga bayan ƙofa, ta shinshina kwalla, ta ce har yanzu da sauran kananzir, amma hannun da ya dirje ta ya isa a ba shi girma. Aka kira Suwaiba. Ta shigo da niyyar ɗaure fuska, sai ta ga yadda rigar mijinta ke lilo a jikinsa, tausayi ya kama ta, ta kau da kai don kada a gani. Malam Dogo ya ce ta shirya ta koma ɗakinta. Mannir ya ji kamar an sauke masa buhun gero daga ka, har idonsa ya kawo ruwa.

Da aka zo tafiya, kujera biyu ce. Baba Bitrus ya ce shi ya yafe tasa har abada, zai bi motar haya. Duk ƙauyen ya taru a ƙofar gida ana kallon jar mota. Suwaiba ta durƙusa ta shiga, ta gyara gyale, ta ce da shi a hankali yadda shi kaɗai zai ji, "Mannir, ba ni son ganin komi. Kai ni gida kawai."

Ya ce to, kuma har ga Allah ya yi niyya. Hannunsa na kan ribas. Sai Sule, taubashin Suwaiba, wanda bakinsa ba ya raina na Mannir, ya leƙo ta taga ya ɗaga murya.

"Wagga ce motar da shanu sunka jawo? An ce yau mai hura tar rako ta har Bungudu."

Wuri ya ɗauki dariya, har Inna Kulu daga cikin zaure. Kunnuwan Mannir suka yi zafi. Ya leƙo ya ce a kwashe yara daga gaba, a buɗe hanya har bakin kwalta, yau Karakkai za ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Aka buɗe masa gaba fetal. Ya danna totur har inji ya yi gurnani, hannunsa ya tafi inda ya saba tun yana karen mota, ya cusa giya ta ɗaya, ya saki kuloci gaba ɗaya.

A nan aka gane cewa zaɓinsa na uku daidai ne, don motar ba ta taɓa tashi mai kyau irin wannan ba. Sai dai baya ta yi. Babu kowa a bayan sai babban rumbun Malam Dogo da ke gefen zaure, cike da geron bana. Ta shige shi har rabin jikinta. Rumbu ya tsage, dammunan gero suka yi ta gangarowa, jinkar ta sauko ta zauna a kan motar daram kamar malfa. Kajin ƙauyen kaf suka hallara kafin mutane su rufe baki.

Da aka janye jinka, Mannir ya fito da kai ta taga, ƙaiƙayi har cikin gira, ya dubi jama'a ya ce, "Amma dai kun ga yadda tat tashi?"

Suwaiba ta fito ta ɗaya ƙofar, ko ƙwarzane babu, ta karkaɗe gyalenta, ta wuce ta tsaya bayan mahaifinta ba ta dube shi ba. Sai a lokacin ya ga abin da ya yi. An ba shi matarsa a hannu, ya mayar da ita da ƙafarsa. Ya buɗe baki ya rufe, karo na farko a rayuwarsa babu bayani.

Malam Dogo ya zagaya rumbunsa, ya dubi abincin shekara a ƙasa kaji na biki. Baba Bitrus ya cire hula ya fara ba da haƙuri, Malam Dogo ya ɗaga masa hannu.

"Na ba ka magana, ba ni tashe ta. Suwaiba ta koma ɗakinta yau. Amma wanga," ya nuna Mannir da haɓa, "nan za shi zama sai rumbuna ya tsaya da ƙahwahunai."

Haka aka yi. Suwaiba da Baba Bitrus suka hau motar haya da buhun kwanoni, suka iso Gusau kafin magariba. Mannir ya tuɓe fararen kaya ya shiga kwaɓa ƙasa. Ginin farko ya ce zai yi shi da wata dabara da magina ba su sani ba, ya rushe kafin ya kai ƙugu. Na biyu ya yi shiru ya bi yadda aka nuna masa. Mu kuwa a layi muka riƙa tambayar Suwaiba labarin mai yaji, tana cewa an ce yana cin tuwo sosai.

Da rumbu ya bushe aka mayar da gero, sai Suwaiba ta sa Mama Lidiya ta sake tsaya wa Baba Bitrus a kai. Ya sa rigarsa ta coci, shi da Suwaiba suka hau motar haya, suka tafi bikon Mannir. Malam Dogo ya karɓe su a zaure, ya sa aka kira Mannir. Ya shigo ƙafafu duk faso, ya zauna ya sunkuyar da kai, yana satar kallon matarsa. Baba Bitrus ya ce sun zo neman alfarma a ba su yaronsu, ɗakin ya yi wa yarinyar shiru da yawa. Suwaiba ta ja gyale ta rufe fuska, amma ba ta musa ba.

Malam Dogo ya gyara zama ya dubi 'yarsa, ya ce, "To, ga shi nan mun ba ki, ki riƙe shi amana. In kin ga ya sake ɗaukar sifana, ki maido muna shi. Akwai sauran rumbu biyu da ka son gyara."